Daga Birnin Kebbi zuwa Yamai: Yadda Ake Shirya Tafiyar a Wannan Zamani

Mutumin Kebbi ba ya ɗaukar Nijar a matsayin ƙasar waje, kuma yana da hujjarsa. Ƙasar Dandi da ta Arewa, wato ƙasar Arawa, duk sun ratsa iyaka ta ɓangarorin biyu, gidaje da yawa a Kamba da Kangiwa da Argungu suna da dangi ko surukai a Gaya da Dogon Dutse, har ma layin wutar lantarkin da ke zuwa Yamai daga Najeriya ta Birnin Kebbi ya bi. Sai dai wannan kusancin ne yake sa mutanenmu su tashi babu shiri, suna zaton yadda ake leƙa kasuwar ƙetare a dawo kafin magariba haka ake zuwa babban birnin ƙasar. Tsakanin Gaya da Yamai akwai kusan kilomita 300, a kan hanyar da jami'an tsaro suke tsayar da mota su duba takardun kowa, kuma a wurin dangantaka ba ta maye gurbin hatimi.

Abin da ya sauya tun 2023

Kafin a fara lissafin kuɗin mota, ya kamata matafiyi ya san halin da ake ciki tsakanin ƙasashen biyu. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, 2023, wanda ya kawo Janar Abdurahman Tiani kan mulki, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyakarta, ba a sake buɗewa ba sai a watan Maris na 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES, kuma ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairu, 2025. Ɓangarorin biyu sun bayyana cewa 'yan ƙasashensu za su ci gaba da shiga da fita ba tare da biza ba, saboda haka ɗan Najeriya ba ya neman biza. Amma abin da aka sanar a babban birni daban, abin da jami'in da ke bakin shinge zai nema daban, kuma a farkon 2025 an sami rahotannin mayar da 'yan Najeriya waɗanda suka zo da takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS kawai, aka ce sai sun nuna cikakken fasfo. Don haka mataki na farko shi ne tambaya. A kira wani direba ko ɗan kasuwa da ya ƙetare a cikin makon, a ji abin da aka nema a hannunsa, domin labarin bara ba ya aiki bana.

Takardu

Fasfo na ƙasa da ƙasa shi ne abin dogaro, kuma ra'ayina shi ne kada kowa ya kama hanyar Yamai ba tare da shi ba, ko da an gaya masa cewa wane ya wuce da katin zaɓe. Ana yin sa a ofishin Hukumar Shige da Fice da ke Birnin Kebbi, mutanen Zamfara kuma a Gusau, bayan an cike bayanai an biya kuɗi ta intanet. Akwai mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10. Sharaɗinsa shi ne lambar NIN, kuma nan ne mutane da yawa suke maƙalewa, domin idan suna ko ranar haihuwar da ke kan NIN suka saɓa da abin da aka rubuta a takardar neman fasfo, aikin yana tsayawa sai an gyara, gyaran kuwa yakan ci makonni. Wanda yake da tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, ya tabbata akwai saura aƙalla wata 6.

Na biyu shi ne katin rigakafin shawara, wato katin nan mai launin rawaya wanda sashen lafiya na kan iyakoki yake bayarwa. Ƙa'idarsa ita ce allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka wanda ya yi ta ana jajibirin tafiya bai cika sharaɗi ba. Tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba a sabunta ta. Kada a sayi katin a hannun masu cike shi ba tare da allura ba. Ban da kasancewarsa na jabu, cutar da ake gudu tana nan kuma tana kisa. Idan tafiyar ta faɗo a lokacin zafi, yana da kyau a haɗa da rigakafin sanƙarau, tunda mu da su duk muna cikin yankin da cutar take ɓarkewa.

Wanda zai tafi da yara ya sani cewa kowane yaro yana buƙatar nasa fasfon da nasa katin, kuma idan yaron ba ɗansa ba ne, ko uwa ce za ta tafi da shi ita kaɗai, a riƙe takardar haihuwa da rubutacciyar amincewar mahaifi. Jami'an ƙasashen biyu suna sa ido sosai kan safarar yara, kuma cewa "ɗan yayana ne" ba ta wadatarwa. A ɗauki kwafin kowace takarda biyu, a ajiye su a jaka daban da ta asali, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Wanda asibiti ko makaranta ko taro ya kai shi ya riƙe takardar da ta nuna haka, domin tambayar "me za ka je yi, wurin wa za ka sauka" tana zuwa fiye da sau ɗaya.

Lokacin tafiya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokaci mafi daɗi. Afrilu da Mayu kuwa zafin Yamai yakan haura digiri 40, wanda ba baƙon abu ba ne ga mutumin Kebbi, amma zama cikin mota yini guda a irin wannan yanayi yana wahalar da tsofaffi da marasa lafiya. Da damina kogin Kwara yakan yi ambaliya a unguwannin da ke bakinsa, kamar yadda ya faru a 2020 da 2024. A guji kwanakin jajibirin Sallah, musamman babba, saboda cunkoso da tsadar mota. Mai hulɗa da ofisoshin gwamnati ya isa a farkon mako, domin ranar Juma'a rabin yini suke yi. Agogonsu da namu ɗaya ne.

Kuɗi

Kuɗin Nijar shi ne sefa ta Afirka ta Yamma, wadda babban bankin BCEAO yake bugawa, kuma darajarta a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Wannan ne ya sa farashinta a naira yake hawa da sauka gwargwadon halin da naira take ciki. Takardunta su ne na 500 da 1,000 da 2,000 da 5,000 da 10,000. Akwai wata sefar ta Kamaru da Chadi wadda darajarsu ɗaya amma ba a karɓarta a kasuwar Yamai, don haka a duba abin da ɗan canji ya miƙo. 'Yan canji suna nan a Kamba da Gaya, kuma dabarar ita ce a tambayi mutum biyu ko uku kafin a canza, a ƙirga a gabansa, a ƙi karɓar takarda mai yagewa, a kuma roƙi ƙananan takardu da yawa, domin matsalar canji a Nijar babba ce, mai taksi ba zai iya fasa maka takardar 10,000 ba. A garuruwan iyaka naira tana tafiya, amma a Yamai ba za ta saya maka ko ruwan sha ba sai ka nemi ɗan canji. Katin bankin Najeriya ma kada a dogara da shi.

Akwai abu ɗaya da yake rikita baƙo ko da Hausa ake magana, shi ne yadda ake ƙirga kuɗi. A can da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai shago ya ce "ashirin", sefa 100 yake nufi, idan ya ce "ɗari" sefa 500 ke nan, jika ɗaya kuma ita ce sefa 1,000. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta murnar araha har lokacin biya. Idan ciniki ya yi nauyi, a ce wa mai kaya ya rubuta adadin a waya ko a takarda.

Ba lallai ne a ɗauki duk kuɗin a jiki ba. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana suna da rassa a kusan kowane gari, mutum yana iya zuba kuɗinsa a Gaya ya karɓa a Yamai da takardar shaidarsa, kuma 'yan kasuwa da yawa haka suke yi.

Wace hanya za a bi

Ga mutumin Birnin Kebbi, hanyar da aka fi sani ita ce ta Kalgo da Bunza zuwa Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, daga nan a ƙetare zuwa Gaya. Daga Gaya titi ya miƙe arewa kimanin kilomita 150 zuwa Dosso, inda ya haɗu da babbar hanyar ƙasar, sannan a yi yamma kusan kilomita 140 zuwa Yamai. Mutumin Gusau ko Talata Mafara ya fi sauƙi ya bi ta Sakkwato zuwa Illela, ya shiga Birnin Ƙonni, daga can kuma akwai kimanin kilomita 420 ta Dogon Dutse da Dosso. Wannan ba tafiyar yini ɗaya ba ce, ya kamata a tsara kwana a Sakkwato ko Ƙonni tun daga gida.

Ko wace hanya aka zaɓa, ƙa'ida biyu ba sa sauyawa. Ta farko, a ƙetare ta ƙofar hukuma. Masu babura za su yi tayin zagayawa da mutum ta daji a kan kuɗi kaɗan, kuma ga mai zuwa ƙauyen da ke kusa wataƙila hakan ya saba wucewa, amma mai zuwa Yamai da ya shiga ba hatimi ya zama wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba a kowane shingen da ke gabansa. Ga kuma batun tsaro, domin dazukan iyakar nan ne 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suke yawo a cikinsu, kuma jami'an ɓangarorin biyu suna zargin duk wanda suka gani a kan babur a hanyar daji. Ta biyu, a yi tafiya da rana. A fita bayan sallar asuba don a isa iyaka da hantsi, idan kuma aka makara har la'asar ta yi ana Gaya, a kwana a can ya fi.

Game da zuwa da motar kai, shawarata ita ce a bar ta a gida sai idan dole. Shiga da ita yana buƙatar takardar izinin wucin gadi daga kwastan ɗin Nijar, waɗanda a can ake kira duwan, da inshorar da take aiki a ƙasar, da cikakkun takardun mallaka da lasisin tuƙi, ga kuɗin hanya da ake biya a wasu wurare, kuma mota mai lambar Najeriya ta fi jawo tsayarwa. Manyan motocin safa na kamfanoni irin su Rimbo da STM suna da tsari: ana sayen tikiti a tasharsu da takardar shaida, ana rubuta suna, ana auna kaya, kuma suna tashi a kan lokaci, galibi da sassafe. Wanda ya saba da tashar da ake jira sai mota ta cika ya kiyaye, domin waɗannan ba sa jiran kowa. Ƙananan motoci suna nan ga wanda ya rasa safa, sai dai sun fi tsaye-tsaye.

A kan iyaka da kan hanya

A ɓangarenmu za a bi ta jami'an shige da fice su buga hatimin fita, kwastan su duba kaya, jami'an lafiya su duba kati. A ɓangarensu 'yan sanda ne suke buga hatimin shiga. Kafin a bar tagar, a buɗe fasfo a tabbata an buga, a duba kwanan watan. Za a tambayi inda za a sauka, don haka a rubuta sunan mai masauki da unguwarsa da lambar wayarsa a takarda tun daga gida. Wanda yake ɗauke da kuɗin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta, dokar Najeriya ta wajabta masa bayyanawa. Magunguna su kasance cikin kwalayensu tare da takardar likita, kuma kada a karɓi saƙon da ba a ga cikinsa ba, ko daga wa ya fito.

A shingayen cikin ƙasa, jandarmomi ko 'yan sanda sukan karɓi takardun fasinjoji, a sauka a taka zuwa rumfarsu, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. A yi sallama, a cire tabarau, a amsa abin da aka tambaya kawai. Mafi yawansu suna jin Hausa. Idan an nemi kuɗi alhali takardu sun cika, a tambayi dalili cikin ladabi, a nemi rasit. Ɗaga murya ba ya haifar da komai sai jinkiri, kuma motar tana iya tafiya ta bar mutum. Kada a ɗauki hoton shinge ko soja ko gada, kuma kada a yi muhawarar siyasar ƙasashen biyu a cikin mota, domin ba a san wanda yake sauraro ba.

Hanyar kanta tana da abin kallo. Dosso gari ne na sarautar Zabarmawa, inda fadar Zarmakoy take. Daga nan zuwa Yamai za a ga layin dogo yana bin gefen titi, wanda aka shimfiɗa tun wajen 2014 amma jirgin fasinja bai taɓa zama abin hawan jama'a a kansa ba. Bayan Birnin Gaure akwai yankin Kure, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, mazaunin raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, kuma wani lokaci akan hango su daga cikin mota. A wadatu da hangen, domin a nan ne aka kashe mutum 8 a harin watan Agusta na 2020.

Cikin Yamai

Yamai ta zama babban birni a 1926, lokacin da Faransawa suka ɗauke hedikwata daga Damagaram. Zabarmanci ya fi yawa a tsakanin 'yan asalin gari, amma Hausa tana kai mutum ko'ina a kasuwa da tasha, kuma a 2025 hukumomin ƙasar sun ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka allunan ofisoshi da takardun asibiti da na banki da Faransanci suke, saboda haka mai hulɗar takarda ya nemi wanda zai raka shi.

Masauki a gama maganarsa kafin a taso. Wanda yake da ɗan'uwa ko abokin ciniki ya sanar da shi ranar zuwa da kamfanin motar da zai hau, domin kowane kamfani da tasa tashar, ba wuri ɗaya ake sauke kowa ba. Manyan otal-otal suna wajen Plateau da bakin kogi, masu sauƙin kuɗi kuma suna cikin unguwanni, kuma ko'ina za a nemi fasfo a cike takardar baƙo. A tafi da gidan sauro ko maganinsa, a kuma sayi mahaɗin caji, domin soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, namu mai ƙafa uku ba ya shiga. Lambar wayar ƙasar ita ce 227. Layin Najeriya yana daina aiki da an yi nisa da iyaka sai an buɗe masa tsarin yawo mai tsada, don haka ya fi araha a sayi layin Airtel ko Moov ko Zamani, a yi masa rajista da fasfo a ofishinsu.

Taksi a Yamai na haɗaka ne. Ana tsayar da shi a faɗi unguwar da za a, idan ta dace da hanyarsa ya ce a shiga, idan ba ta dace ba ya wuce ba tare da magana ba, wanda ba wulaƙanci ba ne. Wuri mai nisa yakan ce kuɗin kujera biyu, don haka a daidaita kafin a zauna. Ba a cika kwatance da sunan titi ba, da kasuwa ko shataletale ko kantin magani ake yi.

Ɗan kasuwa zai fara da Babbar Kasuwa da ke tsakiyar gari, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1982, inda ake samun atamfa da shadda da kayan sawa. Kasuwar Katako ta kayan gini ce da ƙarafa da kayan abinci, a Wadata kuma akwai cibiyar masu sana'ar hannu, ta fata da azurfa. Wanda yake da rabin yini ya ba da shi ga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. A cikinsa akwai gidan dabbobi, da ƙasusuwan manyan halittun da aka tono a hamadar Agadas, da ragowar itaciyar Tenere wadda mota ta kayar a 1973, da rumfunan maƙera da masaƙa suna aiki a gaban mai kallo. Babban masallacin da Libiya ta gina shi ma wurin zuwa ne ranar Juma'a. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita take kai mutum Harobanda inda Jami'ar Abdu Mumuni take. Wajen gari kuwa, musamman yamma da kudu a cikin jihar Tilaberi, har da hanyar Say inda jami'ar Musulunci take, kada baƙo ya nufa sai da shawarar mutanen gari a ranar. Idan fasfo ya ɓata, a fara kai rahoto ofishin 'yan sanda a karɓi takarda, sannan a tafi ofishin jakadancin Najeriya da kwafin da aka ajiye.

Dawowa

Tikitin komawa a saye shi ana gobe tafiya. Tsaraba irin su kilishi da dabino da 'yan yadudduka ba su da matsala, amma kayan kasuwanci sai an san dokar ɓangarorin biyu. Najeriya ta hana shigo da shinkafar waje ta iyakokin ƙasa, haka motoci tun daga 2017, kuma gwanjo da daskararrun kaji suna cikin jerin haramtattun kaya. Nijar ma a ƙarshen 2024 ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na ƙawancenta ba. Duk abin da aka saya da yawa a riƙe rasit ɗinsa, a bayyana shi ga kwastan a biya abin da doka ta ce. A tabbata 'yan sandan Nijar sun buga hatimin fita, domin fasfon da ya nuna shiga babu fita zai jawo tambayoyi a tafiya ta gaba. Ragowar takardun sefa ana canza su a Gaya ko Kamba, amma tsabar ƙarfe 'yan canji ba su cika karɓa ba, gara a kashe ta a tasha kafin a ƙetaro.